Allura ta Uku a Maiyama

Ni na kai Inna aka yi mata allurar korona ta farko, ni kuma na kai ta ta biyu. Ba ita kaɗai ba. A lokacin ina koyar da matan aure karatu da rubutu a wata makarantar yamma a Jega, kuma da wuya in tashi aji ban sako musu maganar rigakafi ba. Nakan nuna musu damtsena in ce ga shi an yi mini, ban mutu ba, ban haukace ba. Wata rana da baki ya yi mini daɗi har na ce, "Duk wadda ta yi allurar nan, ita da korona haihata-haihata." Babu likitan da ya faɗa mini haka. Ni na ƙara gishiri don in ga sun tafi, kuma da yawansu sun tafi.

Cikin sanyin shekarar da ta biyo baya aka yi bikin 'yar yayan maigidana a Aliero. Na shiga gidan biki da takunkumi a fuska, ƙannen miji suka sa ni gaba da tsiya. "Matarmu 'yar boko, mu ne masu cutar kenan?" Na cire na cusa a jaka. Can na kwana, ɗaki cike da mata, wannan na tari waccan na atishawa. Da za mu dawo suka cika mana bayan mota da albasa.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da ni, maƙogwaro kamar an zuba barkono. Na sha maganin zazzaɓin sauro, bai yi komai ba. Ranar da na ɗan ji dama na zauna yanka albasar nan ta Aliero, idona na ta zubar da ruwa amma hancina bai ji komai ba. Na kai ta daf da hanci, shiru. Na buɗe kwalbar turare, ita ma shiru. Maigidana ya ɗauke ni zuwa Birnin Kebbi aka yi gwaji, sakamako ya fito: korona ce.

Likitan ya ce in koma gida in keɓe kaina, in gode wa Allah da abin ya zo da sauƙi, wataƙila ma allurar ce ta rage masa kaifi. Ni ban ji wannan ba. Fuskokin matan ajina kawai nake gani. Muna shiga mota na ce wa maigidana, "Malam, don girman Allah kar kowa ya ji."

Ya ce, "Ciwo ne fa, ba sata kika yi ba."

"Na sani. Amma kar kowa ya ji."

"Har Inna?"

"Ita ce ma ta farko."

Inna tana Maiyama tare da ƙanena da matarsa. Tana da ciwon suga da hawan jini, kuma kusan kowane ƙarshen mako nakan je in duba ta. Ni ce 'yarta ta fari, don haka tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana magana da ni, "ke". In tana maganata da wani, "waccan". Na aika wa ƙanena saƙo cewa aikin jarrabawa ya yi mini yawa, a makaranta kuma na ce mura ce mai nauyi. In Inna ta sa an kira ni a waya sai in ƙi ɗauka, don muryata ta dushe. Na riƙa gaya wa kaina cewa don hawan jininta nake yi. Akwai wannan a ciki, amma ba shi ne babba ba.

Na warke, sai ɗan tari da ya maƙale da kuma hanci da bai dawo ba. Ina cikin haka ƙanena ya kira ya ce an kawo allura ta uku asibitinsu, ana neman tsofaffi da masu irin ciwon Inna.

"Yaya, ta ce ba ta zuwa sai da ke. Wai ke kika kai ta tun farko. In kin yi, ta yi."

Na ce ina nan tafe. Da na ajiye wayar sai na shiga lissafi. Wanda bai daɗe da tashi daga cutar ba, ana yi masa ko sai ya jira? Na duba a waya, wasu sun ce da zarar mutum ya warke, wasu sun ce a jira wata uku. Maigidana ya ce abu mai sauƙi ne, in tambayi ma'aikatan in na je. Na ce ai tambaya sai da faɗin dalili. Ya dube ni ya girgiza kai. A raina na riga na yanke: zan je, in yi shiru, in miƙa hannu a yi, mu dawo.

Na shiga motar Maiyama da hantsi. Inna ta amsa gaisuwata tana kallon tabarma, ta ce, "An gama jarrabawar?" Na ce an gama. Ta ɗauki mayafinta muka fita.

A barandar asibitin an jera benci, mata sun cika shi, wasu tun daga Sarandosa suka zo. Mai yin allurar wata dattijuwa ce kakkaura, da takunkumi a fuska, don haka sai ta ɗaga murya kafin a ji ta. Duk wadda ta zauna gabanta sai ta yi mata tambayoyi iri ɗaya, kowa na ji. Da layi ya zo kanmu Inna ta tura ni gaba da gwiwar hannu. Na zauna, na fara janye hannun riga. Sai tarin nan ya taso, na danne shi, ya ƙi dannuwa.

"Kin yi rashin lafiya kwanan nan?"

Na ce, "'Yar mura ce."

"Da zazzaɓi?"

Na ɗaga kai zan ce a'a, sai muka haɗa ido da Inna. Ba harara take yi ba, kallo ne kawai. A waya na iya, ta bakin ƙanena na iya, amma ido da ido ban taɓa iya yi mata ƙarya ba tun ina yarinya. Na sunkuyar da kai na ce, "Korona ce."

"Me? Ɗaga murya, Hajiya, ba na ji."

"Korona na yi."

"Korona? An gwada ki?"

"An gwada."

Matar da ke kusa da ni ta ja zanenta ta matsa can ƙarshen benci. Wata daga baya ta ce, ba ma a ɓoye ba, "To ita da anka yi ma biyu ta kamu, mu mi muka zo yi?" Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Ma'aikaciyar ba ta ga abin mamaki ba. Ta tambaye ni yaushe, na faɗa mata. Ta ce tun da kwanaki sun ja haka ba zan shafa wa kowa ba, matar can ta dawo wurinta ta zauna. Ta ce wanda ya warke sarai ana iya yi masa, babu laifi, amma yau da wannan tarin ba za ta yi mini ba. Kuma tun da ba ni da wani ciwo a jiki, in na ga dama in jira kamar wata uku, don jikin da ya gama faɗa da cutar yana da sauran ƙarfinsa. "Shawara taki ce. Amma tsohuwar nan da suga, ita kam yau ya kamata."

Na tashi daga kujerar ban san inda zan sa idona ba. Na tabbata Inna za ta ce mu tafi gida. Sai na ga ta zo ta zauna, ta zame mayafi daga kafaɗa, ta ce, "Bisimillah, yi." Aka yi mata. Ta tashi ta wuce gaba, na bi ta a baya kamar wadda aka kamo. Ban juya na ga ko mata nawa suka zauna ko nawa suka tashi ba.

Muka isa gida. Inna ta zauna a ƙofar ɗakinta, matar ƙanena ta kawo mata ruwa. Ina tsugune a gabanta, amma da matar ƙanena ta yi magana.

"Ki hwaɗa ma waccan, ran da ta mutu a bugo mani waya a ce jarrabawa ta."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri. Hawan jininki na ji wa tsoro."

"Ki hwaɗa mata ni na ɗauka wani laihi ni yi mata. Ina ta bincike cikin raina, mi ni ce, mi ni yi."

Wannan ta fi ta asibiti zafi. Duk tsawon makonnin nan ina can ina tunanin abin da matan aji za su ce, ban taɓa kawo wa raina cewa tana nan zaune tana neman laifin kanta ba. Na yi kuka a gaban matar ƙanena, abin da ban taɓa yi ba. Inna ta tashi ta shige ɗaki.

Tsakanin Maiyama da Jega ba nisa, labari ya riga ni isa. Ranar da na koma aji na tarar matan duk sun ji. Ban buɗe littafi ba. Na ce abin da suka ji gaskiya ne, na kamu, kuma maganar da na yi musu ta haihata-haihata ba haka take ba. Allurar tana rage tsananin ciwo, ba ta hana shi shiga gaba ɗaya. Wata mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda mijinta ya yi fushi da ita saboda ta je allura, ta ce, "Malama, da haka kika faɗa mana tun farko ai da mun ji." Wata ta tambaya ko zan yi ta ukun. Na ce zan yi, amma ban tsai da lokaci ba. Suka dubi juna. Na san yadda maganar ta faɗa a kunnensu, kamar mai neman hanyar zillewa, kuma ba ni da bakin da zan gyara ta.

Saboda wannan kallon na so in je a yi mini da zarar tarin ya tsaya. In nuna musu damtse kamar da, a wuce wurin. Har na sa ranar zuwa.

Ana gobe zan je, da la'asar, sai ga Inna a ƙofar gidana da ƙullin kayanta, ita da rabonta da kwana a Jega tun haihuwar autana. Ta ce ta zo ganin jikokinta. Ba ta tada maganar Maiyama ba, ni ma ban tada ba. Da aka kawo tuwo ta kai loma ɗaya ta ajiye, ta dubi maigidana ta gefen ido, ta dubi yara.

"Haka kuka cin wagga miya?"

Yaran suka fashe da dariya. Ashe tun da na tashi daga ciwo nake zabga gishiri, harshena ba ya ji, maigidana ya hana kowa magana. Washegari Inna ta karɓe tukunya.

Ina zaune ina gyara mata kuka na ce yau nake son zuwa a yi mini allurar. Ta ci gaba da tuƙi.

"Likita ta ce dole yanzu?"

"Ta ce in na so in jira."

"To gaggawar mi?"

Na ce saboda matan aji.

"Jikinki za a yi ma, ko su?"

Ban je ba. Ta yi mako guda ta koma. Na ci gaba da shiga aji, wasu suka riƙa tambayata a kaikaice ko hannu ya yi tsami, ina cewa tukuna. Mai ƙuli-ƙulin nan ta daina zuwa. An ce mijinta ne ya hana, ban sani ba, ban kuma iya zuwa gidanta na tambaya ba.

Wata ukun ya cika a cikin azumi. Malamai sun ce allura irin wannan ba ta karya azumi, amma na tuna zazzaɓin da ta biyu ta sa ni, ga zafin bazara, na ce a bari a sauke. Bayan ƙaramar Salla na je asibitin da ke kusa da mu a Jega aka yi mini. Hannun ya yi nauyi, na kwanta yini ɗaya, na tashi.

Da aka koma makaranta na faɗa musu an yi, a taƙaice, muka shiga karatu. Daga baya na ji wasu sun je, wasu ba su je ba. Tun daga lokacin in an yi mini tambayar lafiya a aji nakan faɗi iyakar abin da na sani, sauran in ce su je asibiti su tambaya. Ajin ya ɗan rage armashi, su ma sun faɗa. A shekarar da ta biyo aka ba ni ajin lissafi, na karɓa da hannu biyu.