Baron Albasa a Mindelo

Duk wanda ya shiga falon Hashimu a unguwar Hindawiyya ta Makka sai ya tambayi labarin hular gashin tsuntsun da ke rataye kusa da agogo. Matarsa Maryama ta sha jefa ta a kwandon shara, shi kuma ya sha tsamo ta.

Hashimu haifaffen Makka ne, jikan Sakkwatawan da suka zo Hajji a ƙafa suka zauna. Shekara ashirin ya yi yana tura keken tsofaffin alhazai a ɗawafi da sa'ayi, kuma duk shekarun nan kunyar sana'ar yake ji. In an tambaye shi aikinsa sai ya ce "hidima", ya sauya zance. Da ya samu aikin kuku a jirgin ruwan dakon kaya daga Jidda, ko waiwaye bai yi ba.

Wata rana jirgin ya tsaya shan mai a Mindelo, wani gari a tsibiran Kef Bad. Kyaftin ya aike shi kasuwa sayen albasa tare da Hassan makaniki, ya ce ƙarfe huɗu zai ɗaga anga, ko da su ko babu su.

Kafin su gama ciniki gari ya juye. Ashe ranar bikinsu na shekara ce. Ganguna kamar za su tsaga ƙirji, maza sun shafe jiki da fenti, mata sun sha gashin tsuntsaye, sai dai tufafin kam an yi musu rowa. Hashimu ya yi istigfari ya sunkuyar da kai, amma ƙafarsa ta ci amanarsa, tana bin kiɗan. Titin da ke zuwa tashar jiragen ya cika maƙil, ga ƙarfe uku ta gota.

Hassan, sarkin gaggawa, ya kutsa zai ratsa taron. Taro ya tofo shi waje da targaɗe. Ya zauna a ƙasa riƙe da idon sawu.

"Ya shekh, khalas, shi ke nan," in ji shi. "Jirgi ya tafi, aiki ya tafi."

Hashimu ya tsaya yana kallon yadda jama'ar ke gudana, sai ya ji hankalinsa ya kwanta. Ai ya san wannan ruwan. Ba a ratsa taro, bin sa ake yi ana zamewa gefe kaɗan-kaɗan. Ya ari baron mai albasa da nuni da hannu, ya ɗora Hassan bisa buhuna, ya kama hannayen baron. Kafin ya ankara bakinsa ya koma Harami.

"Ɗarik ya Hajj! Ɗarik ya Hajja!"

Wai masu gashin tsuntsu yake kira alhazai, yana roƙon hanya! Su kuwa suka ɗauka wasa ne cikin wasannin biki. Suka amshe kiran suna rerawa, makaɗa suka sa masa kiɗa, wata ta kafa wa Hashimu hularta a ka. Hanya ta riƙa buɗewa. Bai taka kowa ba, ko albasa ɗaya ba ta faɗi ba. Mai baron na biye da su tana rawa, kada kayanta ya ɓace.

Suna isa bakin tasha jirgi na busa ƙaho. Kyaftin, wanda ya ga komai daga sama, ya tare shi a matakala.

"Kuku, ina ka koyi wannan tuƙi?"

Saura ƙiris Hashimu ya ce "hidima". Sai ya dubi tafin hannunsa, inda kantar keke ba ta gama bajewa ba, ya ji wani daɗi ya cika masa ciki.

"A Makka," ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Shekara ashirin ina tura baƙin Allah."