Baƙon Da Bai Nemi Ragi Ba

A da, a nan Mubi, a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu ba motar nuna isa ba ce. Ta masu wake da gyaɗa ce, da malaman gona. In ma'aikata ta gaji da ita sai a yi gwanjonta, irinmu mu saya. Haka na sami tawa. Yau kuwa ko tsohuwa kake so, sai ka sayar da gida.

Na tambayi dalili a wurare da yawa. Dillalan Kano suka ce dala ce ta tashi. A Kwatano suka ce kuɗin kwastam ne. Wani bakanike a Garwa ta Kamaru ya ce ƙarfenta ne ba irin na sauran ba. Ban ƙaryata su ba, amma ban gamsu ba, don ƙananan motoci ma da dala ake sayo su, ba su yi wannan tashin ba. Abin da idona ya gani daga Njamena har Sudan shi ne, mota ce da ba ta zaɓen mai, ba ta zaɓen hanya, kuma bakaniken gindin bishiya ma yana gyara ta. Masu rabon agaji suna nemanta, da masu haƙar zinariya, da 'yan siyasa, da jami'an tsaro. Mutanen da suka shiga daji su ma ita suke nema.

Bayan shekarun tashin hankali, da muka dawo gidajenmu, wata safiya maƙwabcina ya zo da baƙo. Maƙwabcin nan dillalin mota ne, Babarbare, ni kuma Bafillace, don haka ba ma gaisawa sai da tsiya.

"Kai mai bin saniya, arziki ya biyo ka har gida," in ji shi. "Ga mai son wannan gwangwanin naka."

"Gwangwanin da ya ɗauko gadon auren uwargidanka daga garin Uba?"

Baƙon bai yi dariya ba. Na gaishe shi da Fillanci, ya amsa. Na juya Barbarci, ya amsa. Na gwada Larabci, nan ma ya amsa. Da na tambayi garinsu sai ya ce, "Can gaba." Na ce wane ne mai masaukinsa a Mubi, ya ce yau zai koma.

Na sha sayar da mota. Mai saye yakan buɗe inji, ya duba fenti, ya kushe kujera don ya sami abin neman ragi. Wannan bai kalli ko ɗaya ba. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta, ya jijjiga ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba. Sannan ya hau baya, ya auna tsakiyar bodin da taƙi, ya buga da dunduniya, ya tambaya ko wurin zai riƙe walda. Buhun wake ba ya bukatar walda a tsakiyar bodi, amma gindin babbar bindiga yana bukata.

Don in kore shi, sai na faɗi kuɗin da ni kaina na ji kunyarsa.

"Na saya," in ji shi.

Bai taya ba, balle in ce albarka. Bai ce in duba Allah ba. A duk kasuwannin da na shiga, ban taɓa ganin mai neman abinci da mota ya saya haka ba. Kowa daga nan har Michika ya san motar nan tawa ce. In aka gan ta wata rana inda bai kamata ba, ƙofata za a fara bugawa, kuma ban san abin da zan gaya wa Allah ba.

Na ce ban sallama ba tukuna, sai na yi shawara da 'ya'yana. Maƙwabcina ya ja ni gefe.

"Alhaji, ka haukace? Wataƙila mai haƙar zinariya ne, injin ruwa zai ɗaura."

"Wataƙila. Kai ka san shi?"

"A tasha aka haɗa mu."

"To, ka mayar da shi tasha."

Har yau ban san ko na zalunci mutumin da zato ba. Amma ya ga gidana, ya ga inda nake ajiye ta, kuma na san ana ƙwace irinta a hanya. Washegari na kai ta gareji, na sa aka cire mata giyar da ke jan ƙafar gaba, a bainar jama'a don labari ya bazu. Bakaniken ya ce na kashe rabin darajarta. Na ce haka nake so.

Ba wanda ya sake zuwa tayawa. Ita ma ba ta sake tsallake mayo, wato rafi, da damina ba. Amfanin gonata ta Duvu yanzu a bayan babur yake fitowa, buhu ɗai-ɗai.