Naman Layyar da Na Kai wa Maƙwabta

Safiyar Babbar Sallah na yi wanka, na shafa humra, na ɗaura atamfar da Habu mijina ya fi so. Cikina wata biyar.

Ƙauyen da muke zaune a Jamus ƙarami ne. Titi ɗaya, coci ɗaya, rafi ya raba shi biyu, daji a kan tudu. Tun da aka rufe wurin fasa dutse samari suka watse birni, aka bar tsofaffi da shanu. Shanun nan Habu yake tatsa a gonar wani Bature. Ranar da ya kawo ni na ga jajayen rufi da itatuwan tuffa, na ce a raina a nan za mu tsufa, ni da shi.

Ƙarfe takwas Habu ya yanka rago a bayan gidanmu. Jinin ya bi kwata ya fita titi. Ba mu san dokarsu ta hana ba.

Ƙarfe goma na kasa nama uku, yadda Innata ta koya mini. Na zuba a kwanukan aurena bakwai, na bi gida-gida ina murmushi. Tsohuwar farko ta ɗaga murfi ta ƙwalla ƙara. Wani dattijo ya watsa mini naman a ƙafa. Matar mai burodi ba ta buɗe ƙofa ba. Ta taga ta ɗauki hotona. Sauran kwanukan na ajiye a bakin ƙofofi, wai ko kunya suke ji.

Ƙarfe biyu muka ji rugugin babura. Masu baburan ba 'yan ƙauyen ba ne, amma maƙwabtanmu suka nuna musu gidan. Dutse ya fasa tagar kicin. Kwalba mai ci da wuta ta biyo baya, labule ya kama wuta.

"Ku fito! Ku bar mana gari!"

Habu ya fizgi hannuna. "Rabi, ta baya! Kar ki ɗauki komai!"

Muka faɗa rafin. Ruwan kamar ƙanƙara. Santsin dutse ya ɗebe ni, na faɗi a kan cikina. Ƙararrawar coci ta buga uku. Na waiga. Kowace taga akwai fuska a bayan labule. Ba wanda ya leƙo.

Muka kutsa gonar masara, Habu na goye da ni, yana haki yana kiran sunana. Ƙarfe biyar muka isa tashar jirgin ƙasa ta ƙauyen gaba. A kan bencin tashar na ga jini a atamfata.

Yanzu muna Madina, a unguwar Harra ta Gabas, gidan Gwaggona. Habu yana ɗaukar kayan alhazai a filin jirgi. Duk layya Gwaggo takan miƙo tire ta ce, "Yalla, Rabi, kai wa maƙwabta." Sai in ce ƙafata na ciwo.

Kwanukana bakwai suna can Jamus. Tana can ita ma, a gefen maƙabartar wani birni da ban iya faɗin sunansa ba. Cikin da ya zube, mace ce. Da ta rayu, bana za ta shiga makaranta.