Alluran Hajiya Maryam 'Yar Japan

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Hajiya Maryam makwancinta a nan Daura. Masu karatu ku yi haƙuri da rubutuna. Daga aji uku na gudu, malamin ma bai aika a nemo ni ba.

Matar yayana ce, marigayi Yaya Sule. Aikin jirgin ruwa ya yi a Ikko, ya dawo mana da rediyo da keken ɗinki da wata 'yar ƙaramar mace mai sunkuyawa in za ta gaida ko da yaro ne. Daga Japan take. Mutanen gari suka sa mata 'Yar Cana, ta gyara musu har ta gaji. Ta musulunta, ta haifi Kabiru, ta koyi tuƙa tuwo da Hausa mai ɗingishi. Ni kuwa ƙanin miji, wasa haƙƙina ne. In na shiga sai in ce, "Matata, yaushe za ki saki wancan tsohon ki dawo wurina?" Ba ta ɗaga kai daga keke, sai ta ce, "Ilu, je ka yi wanka tukuna."

Da Yaya ya rasu, Kabiru kuma aiki ya kai shi Kaduna, mun ɗauka za ta koma ƙasarsu. Ta ce, "Wa ya rage ya gane ni can?" Ta zauna ita da kekenta.

Tana da wata al'ada. Allurar da ta karye ko ta lanƙwashe ba ta yar da ita, a gwangwani take sakawa. Sau ɗaya a shekara sai ta yi awara mai laushi, tun kafin awara ta zama abin sayarwa a kowane lungu, ta soka alluran a ciki, ta binne a bayan ɗaki. Ta ce mini haka mahaifiyarta ke yi: alluran sun ƙare rayuwarsu suna huda abu mai tauri, a bar su su kwanta cikin taushi. Ni asarar awarar kawai nake gani.

Da aka kawo Shari'a, ɗinkin hijabi ya yi kasuwa, gidan ya cika da mata har daga Mai'adua da Dutsi. Ban taɓa ganin ta tana dariya haka ba. Sai wata ta leƙa ta gan ta tana binne allurai. To, a wurinmu kowa ya san abin da binne allura yake nufi. Kafin mako ya zagayo zance ya bazu cewa 'Yar Cana sammu take yi. Mata suka riƙa aikowa a karɓar musu yadinsu ko almakashi bai taɓa shi ba. Gidan ya yi tsit. Ranar da na same ta zaune gaban keke, hannu a cinya, wasan ma ya ƙi fitowa daga bakina. Ta ce, "Ilu, in na mutu za su yi mini salla?"

Na je na ɗauko limamin unguwa. Ya tsaya a zaure ya ce, "Hajiya, roƙon allurar kike yi?"

"Malam, me allura za ta ba ni? Sannu kawai nake yi mata."

Ya ce bai ga sihiri a nan ba, kuma zai faɗa wa jama'a. "Amma ki bari, saboda bakin mutane."

Ta ce, "Na bari."

Mata sun dawo, ba duka ba. Ita kuwa ba ta sake ambaton mahaifiyarta ba. Liman bai yi kuskure ba, ni dai na san abin da ta ajiye ranar shi ne na ƙarshe da ta zo da shi daga ƙasarsu.

Yau da za ta leƙo, ban san me za ta ce ba. Hijabi ɗinkakke ake zubawa a kasuwa, teloli na zaune suna jiran a kawo wuta. Rannan na ji jikokina suna kallon wasan zane mai motsi a waya, wai yaren Japan ne. Na ce su ƙara sauti. Yaren da baiwar Allah nan ta tsufa ba ta ji shi a bakin kowa ba, ga shi yara suna wasa da shi a tsakar gida. Na tashi na bar musu wurin.

Ranar da ta rasu an yi mata salla, sahu har bakin titi. Daminar bara na je maƙabarta da sandata don in yi mata addu'a. Ruwa ya daidaita ƙasa, ciyawa ta rufe. Na zaga har ƙafata ta gaji, ban iya ware kabarinta daga na sauran mutanen Daura ba. Sai na ɗaga hannu na yi musu gaba ɗaya. Allah Ya jiƙan su.