Jini a Bakin Asuwaki

Shekarun baya, lokacin da nake kiwon raguna a Maigatari, wani zazzaɓi ya kayar da ni a ƙarshen damina. Gaɓoɓina kamar an daka su a turmi, bayan idanuna na ciwo. Na sha maganin maleriya, ko gezau.

Da aka kwana biyu sai jikina ya yi sanyi. A wurinmu kuwa zazzaɓi na sauka an warke ke nan. Maƙwabta suka yi ta shigowa barka, har an soya ƙosan sadaka. Ni kuma, gwanin taurin kai, na ce gobe Alhamis sai kasuwa, ko da yake cikina na murɗawa.

Da safe ina goge baki, mahaifiyata ta tsaya a kaina.

"Kai, miƙo asuwakin nan."

Bakin asuwakin ya yi jajir da jini.

"Inna, dasashi ne kawai."

"Tun kana yaro dasashinka bai taɓa jini ba. Ba inda za ka."

Na nemi makullin babur sama ko ƙasa na rasa. Na yi ta faɗa, ta yi kamar ba da ita nake ba. Ta aika aka kira abokina, ya sa ni a mota sai asibitin Gumel. Kafin mu isa na fara amai.

Likita ya ce zazzaɓin dengi ne. Sauron da ke kawo shi da rana yake cizo, a ruwan da ya kwanta cikin mazubi yake ƙyanƙyasa. Nan na tuna tsofaffin tayoyin da na yanka nake shayar da raguna a ciki. Ashe har sauro nake kiwo! Likitan ya ce cutar takan sa jijiyoyi su riƙa yoyon ruwan jini, jinin kuma ya kasa daskarewa da wuri, kuma sai zazzaɓi ya sauka abin yake tsananta. "Malam, da kasuwa ka tafi, da wani labarin ake yi."

Aka yi ta yi mini ƙarin ruwa har Allah ya tashi kafaɗata.

Yanzu in an ce zazzaɓin wani ya sauka, sai na tambayi cikinsa da dasashinsa kafin in ce barka. Ina gode wa Allah, ina gode wa tsohuwar nan da na yi wa tsawa a kan makulli. Ranar da aka sallame ni ta kwance haɓar zaninta ta miƙo mini shi.

"Ungo, Alhaji sarkin kasuwa."

Na karɓa, na kasa ɗaga ido in dube ta.