Ƙirgin da Na Shimfiɗa a Gaban 'Yan Majalisa

A shekarun farin nan da ya cinye dabbobin ƙasar Damagaram, kafin sojoji su karɓi mulki, ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, namiji da mace, a wani ƙauye tsakanin Magariya da Dungas. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ba kuma zan kira sunan kowa ba, don yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya amma jikokinsu suna nan. Iyayena masu shanu ne da ke taɓa noma. Maigidana kuwa manomin gero da gyaɗa ne, ƙanen mai garinmu, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da za a kawo ni gidansa mahaifina ya haɗo ni da shanu, fari ya yi ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya har ya bar mini wata jar saniya mai tatsa da 'yar karsanarta. Da ɗan abin da nake tatsa nake dama wa yaran kunu, don a lokacin rumbunmu ya kusa kai ƙasa.

Rijiya ɗaya garin ke da ita, ta siminti, wadda gwamnati ta ba wani ɗan kwangila ya haƙa mana. Daga sama abin sha'awa ce, har da kwamin shayar da dabbobi. Amma masu aikin sun tsaya ne da zarar sun taɓa ruwan farko, suka kwashe kayansu suka tafi. Da damina ba a gane ba. Bazara na shigowa sai ta nuna halinta: in aka ja da asuba, kafin hantsi guga sai ya fito da laka, sai a zauna a jira ta tara. Tabkinmu ya ƙafe tun kaka. A bakin rijiyar nan mata ke wuni, shanu na tsaye suna kallonmu.

Ana cikin haka sai wani ma'aikaci ya zo daga biron kwamanda, wato ofishin babban jami'in gwamnati na yankinmu, da labarin cewa baƙi na tafe. Wani kwamiti ne na depite, wato 'yan majalisar dokoki, waɗanda aikinsu shi ne su zaga ƙasa su duba rijiyoyi da hanyoyi da dashen itatuwa, su koma Yamai su faɗi abin da idonsu ya gani. Ya gaya wa mai gari cewa in baƙin suka tarar da komai daidai, za a sa garinmu cikin waɗanda sabuwar hanyar mota za ta ratsa, wataƙila har da ɗakin shan magani. In kuwa suka ji ƙorafi, to, mun ɓata wa manya suna, kuma mun san abin da ke biyo baya. Bayansa kamiyo, wato babbar motar kaya, ya zo da 'ya'yan bedi, itacen da wasu ke kira darbejiya, a cikin tukwane, aka jera su a bakin gari kamar mu muka rene su. Sannan aka sa ƙaya aka rufe rijiya, aka zaunar da gardi, wato dogarin gwamnati, a kanta. Kowane gida tulu ɗaya a wuni. Sauran ruwan a bar shi ya taru don baƙi su ga rijiya cike, sai wanda za a ɗiba a shayar da dashen. Dabbobi kuma a kora su rijiyar wani gari da ke da nisan rabin wuni.

Ina so mai karatu ya sani ban ƙi itace ba. 'Yar makiyaya ce ni, na san abin da gawo ke yi wa gona da garke. Ban kuma ɗauki mai gari mugu ba. Ya yarda ne har zuciyarsa cewa haƙurin 'yan kwanaki zai saya wa garinsa hanya. Amma saniyata ba za ta iya tafiyar rabin wuni ba, ko tashi sai an kama mata wutsiya. Na je ƙofar gidansa na durƙusa na ce, "Yaya, ku ba ni guga biyu kawai, nonon 'ya'yan ƙanenku ne." Ya ce in ya buɗe mini sai ya buɗe wa kowa, in yi haƙuri, baƙin sun kusa. Na koma wajen gardi, ya ce shi umarni aka ba shi. Na tsaya a nan ina kallo ana wuce ni da tuluna ana zuba wa 'ya'yan bedi.

Ranar da aka ce baƙin za su zo ba su zo ba. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa, rijiya na rufe. Na riƙa raba tulun gidanmu da saniyar, ina hana kaina, har leɓena ya tsage. Bai ishe ta ba. Wata safiya na tarar ta miƙe wuya a ƙasa, idonta ya juya. Maigidana ya yi maza ya sa mata wuƙa don kada ta tafi a banza. Da aka feɗe, naman ko maiƙo babu. Ya ce mini Allah ya mayar da alheri, ya ɗauki ƙirgin zai kai wa majemi, na ce ya bar mini shi. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa masa ba.

Washegari motocinsu suka iso da hantsi. An share fili, an shimfiɗa tabarmi, an jera kujerun aro, makaɗa na ta aiki. Aka kai su suka ga dashe, aka kai su bakin rijiya aka janye ƙaya, aka jefa guga ya fito taf da ruwa garau. Shugabansu, wani dattijo mai tabarau, ya kurɓa ya gyaɗa kai. Suka zauna, mai gari ya miƙe yana godiya ga gwamnati da ta raba mu da ƙishirwa. Ni ina can baya cikin mata, da ƙirgin a naɗe a kaina kamar tabarma, ƙuda na bina. Wallahi ban shirya abin da zan faɗa ba. Kalmar nan ta ƙishirwa ce ta ɗaga ni. Na ratsa maza, na wuce gardi kafin ya ankara, na warware ƙirgin a kan tabarmar da ke gaban kujerunsu. Ɗanye ne, yana wari. Kiɗa ya tsaya.

Na durƙusa na ce, "Ranku ya daɗe, ga wadda ta biya kuɗin ruwan da kuka sha." Na gaya musu tun yaushe aka rufe rijiya da dalilin rufe ta, da yadda 'ya'yan bedin suka zo a mota. Mai gari ya ce a yi mini uzuri, mutuwar saniya ce ta taɓa mini kai. Ma'aikacin biro ya yi wa gardi ido, gardi ya kama hannuna. Sai ɗaya daga cikin depiten, wani dogo mai Hausa irin ta mutanen gabas, ya ce a sake ni. Ya sauko daga kujera ya tsuguna, ya shafa ƙirgin, ya murza gefensa da yatsu irin yadda masu shanu ke yi. Ya tambaye ni me nake so, a biya ni saniya? Na ce ban zo roƙo ba. Abin da nake so shi ne su zauna inda suke, a bar mata su ja ruwa, a kawo dabbobin da suka rage su sha, su gani da idonsu in rijiyar za ta kai la'asar.

Shugabansu bai so ba, ya ce akwai garuruwa a gabansu. Suka yi ta magana da Faransanci a tsakaninsu, muryoyi na hawa, dogon nan ya ƙi komawa kujerarsa. A ƙarshe aka ce a ja. Da farko matan suka noƙe suna duban mai gari. Wata tsohuwa ce ta fara jefa guganta, sai sauran suka biyo, kowa da tulunta, masu awaki suka koro. Rana ba ta gama karkata ba guga ya fara fitowa da jan ruwa, daga nan sai laka. Dogon ya sa aka zube lakar a gaban shugabansu. Abincin da aka dafa musu ma ba su ci ba, suka shiga mota.

Ƙurarsu ba ta kwanta ba aka ɗauke ni zuwa Magariya. Na yi kwanaki a tsare, ina sharar harabar bariki, ana tambayata wa ya turo ni, wane ɗan hamayya ne ya koya mini magana. Na ce saniyata ce ta turo ni, in suna son ta ƙirginta na can. Ba a doke ni ba, gaskiya ɗaya ce, amma an zage ni zagin da ban taɓa ji ba. Daga baya aka sake ni ba bayani. Wani gardi ya raɗa mini cewa dogon depiten nan ne ya aiko yana tambayar inda nake.

Abin da ya fi tsarewar ciwo a gida na tarar da shi. Matan da suka cika tulunansu ranar nan su ne suka daina amsa gaisuwata. Da labari ya zo cewa hanyar mota za ta bi ta wani gari, sai aka ce bakina ne ya kore ta. Har yau ban san ko an taɓa niyyar biyo da ita ta wajenmu ba, kuma ba wanda ya sani. Mai gari ya aiko cewa in je ƙofar gidansa gaban dattawa in ce sharrin shaiɗan ne, ban san abin da na faɗa ba, sai a rufe magana. Maigidana ya zauna a bakin ɗakina ya yi ta lallashina. Ya ce, "Kalma ɗaya ce, ki faɗa mu zauna lafiya. Yayana ne, ba ni da inda zan kai shi." Na ce masa zan durƙusa in ba Yaya haƙuri a kan kunyar da ya ji gaban baƙi, wannan zan iya. Amma in ce ƙarya na yi, ko in ce ba ni cikin hankalina, sai dai a nemi wata. Ya share fuska da hannun riga, ya tashi.

Bai sake ni da bakinsa ba, amma gidan ya daina ɗaukata. Na kama igiyar karsanata, na goya 'yata, na koma wajen dangina a ƙasar Dungas. Ɗana kuwa dangin maigidana suka riƙe, suka ce namiji na gidan ubansa ne. Yana tsaye a bakin danga yana kallona har na sha kwana. Wannan tsayuwar tasa ita ce abin da har yau ke hana ni cin abinci in ta faɗo mini.

Bayan kaka na ji an turo masu haƙa sun fara ƙara wa rijiyar zurfi, an ce kwamitin ne ya matsa. Ba su gama ba sojoji suka karɓi mulki, majalisa ta watse, masu aikin suka tafi suka bar bututun siminti a zube. Mazan garin ne suka yi gayya suka ƙarasa da hannunsu, mai gari na tsaye a kansu, maigidana na cikin ramin. Rijiyar ba ta sake ƙafewa ba. Ba wanda ya aiko ya ce in dawo, ni ma ban aika na tambaya ba. Maigidana ya rasu ban ƙara ganinsa ba. Ɗana ya girma yana jin ana ce masa ɗan mahaukaciya. Sai da ya yi aure ya haifu sannan ya zo ya gaishe ni, ya zauna nesa kamar baƙo. Yanzu yana zuwa duk salla, yana kawo mini jikoki, amma akwai abin da ya tsinke tsakaninmu wanda ba ya ɗinkuwa.

Mutane kan tambaye ni ko na yi nadama. Nadamata ɗaya ce: ban gaya wa maigidana abin da ke raina ba. A tsakiyar taro ya gani tare da kowa, yana zaune bayan yayansa, bai san inda zai sa idonsa ba. Mutumin kirki ne, ya cancanci ya ji daga bakina tun a ɗaki, ko da zai hana ni in ƙi hanuwa. Wannan na roƙi Allah gafara a kansa. Amma ƙirgin nan, da za a mayar da ni ranar, zan sake shimfiɗa shi, har in gyara masa zama.

Shi ya sa nake jan kunnen masu karanta wannan mujalla, musamman mutanen karkara. In aka ce manya za su zo duba aikin da aka yi muku, kada ku yi wa ciwonku kwalliya. An turo su ne su gani, in kun ɓoye kun taimaki wanda ya cuce ku, su koma su ce kuna lafiya, ku kwana da ƙishinku. Ku kuma da ake turowa, kada ku yarda da abin da aka share aka jera muku, ku zauna har la'asar. Wanda kuma zai buɗe baki, ya sani ba za a yi masa guɗa ba, waɗanda za su sha ruwan ma su ne za su fara juya masa baya. Ya shirya wa wannan, ya faɗa wa na kusa da shi tukuna, sannan ya tashi ya yi maganarsa. Na rasa aure, na rasa ƙuruciyar ɗana, amma ban taɓa tsayawa gaban kowa na ce ƙarya na yi ba, kuma a haka nake fatan in koma ga Ubangijina.