Munduwar da Ke Neman 'Yar'uwarta

Kakata Inna Dije ba ta buɗe tatsuniya da baki. A gidanmu na Farin Dutse, in an idar da Isha mun kewaye murhu, sai ta ƙwanƙwasa munduwar ƙafarta da cokali. Har yau in na tuna ƙarar nan tsigar jikina na tashi. Munduwa ɗaya tak take sawa, a ƙafar hagu, mu kuwa sarakan tambaya ba wanda ya taɓa tambayar ɗayar.

Ta ce tagulla iri biyu ce. Mai ruwan ɗorawa in ka buga ta, ta yi kuka kaɗan ta yi shiru. Mai duhu, wadda ta ja wajen ja, kukanta yakan daɗe.

"Wannan kira take yi," in ji ta. "Kada ka narka abin da ke kira."

Wai wani maƙeri ya tsinci munduwa mai duhu a kufai. Bai buga ya saurara ba, yadda maƙeran da ke yi, ya narka ta ya yi wa saniyarsa ƙararrawa. Da magariba ƙararrawa ta yi kuka alhali saniya na kwance, sai wata ƙara ta amsa daga daji. Kullum amsar na matsowa, daga rafi zuwa gona, daga gona zuwa bayan danga. Rannan aka yi sallama. Wata mace ce, ƙafa ɗaya da munduwa, ɗaya babu. Da safe aka ga saniya, ba ƙararrawa, ba maƙeri.

Nan Inna take tsayawa, mu ko mu zuba wa ƙafarta ido, ta yi murmushi ta iza wuta.

Yau ni ɗan gwangwan ne a Birnin Kudu, ina tara ƙarafa ana kaiwa narkawa. Da Inna ta rasu, munduwarta ta faɗo rabona. Bara ina zazzage wani buhu da aka kawo daga wajen Gwaram, sai ga munduwa mai duhu, zanenta sak na Inna. Direban da ke kwasar ƙarafan na ta azalzalata in jefa ta a mota. Na buga ta da ƙusa. Kukan ya daɗe, har direban ya daina magana.

A da na ɗauka tsoro kawai Inna take ba mu. Ashe so take mu san ba duk abin da aka yar ba ne ya rasa mai shi. Na kai munduwar gida na ajiye kusa da ta Inna. Tun ranar ban sake buga ko ɗaya ba.